Jakar iska a daina da Hilux: bawul na hannu ko na lantarki? Littafin aikin gareji, Jidda

Asabar, 14 ga Yuni 2025

An gama hidimar Hajji, motoci sun samu sararin shiga gareji. Guda biyu za mu sa wa jakar iska a ƙafar baya. Ta farko daina ce, wato matsakaiciyar motar ɗaukar kaya, Isuzu NPR mai batir biyu (24V), aikinta ɗaukar katan-katan na ruwan roba daga Jidda zuwa Makka, wani lokaci har Ɗa'if. Ta biyu Hilux ce mai 12V, tana raba kayan masarufi a kantuna da gidajen abinci cikin gari. Jakar da muke nufi ita ce ta taimako, wadda ke zama tsakanin shasi da aksul. Sifirin na nan yadda yake, ba za a cire ko falle ɗaya ba.

Abin da ba a yanke ba shi ne yadda direba zai riƙa ƙara iska da rage ta. Akwai bawul irin na taya da ake fitarwa a bayan mota, sai an tsaya an sa famfo. Akwai bawul na hannu a gaban direba, mai ɗan harshe da ake turawa sama iska ta shiga, a danna ƙasa ta fita. Sannan akwai bawul ɗin lantarki da ke zaune ƙarƙashin mota, waya kawai ke zuwa wa direba.

Awon yau. Daina ba kaya: tsakanin robar da ke tare aksul da kan aksul ɗin milimita 95. Da katan 220 na ƙananan robobi (kowane katan 40, mililita 330, wajen kilo 14), wato tan 3 da ɗan ɗoriya, tazarar ta koma milimita 20. Shi ya sa kowane tudun rage gudu sai ka ji ta buga. Hilux da kilo 700 a baya tana nutsewa milimita 60, fitilunta su ɗaga sama.

An faɗa wa masu motocin tun yanzu, kuma an rubuta a nan: jakar iska ba ta ƙara ko kilo ɗaya a kan nauyin da ke rubuce jikin farantin mota. Aksul ɗin dai shi ne, birkin shi ne, tayoyin su ne. Abin da take yi shi ne ta ɗaga bayan da ya zauna, ta hana bugun. Wanda yake so ya ƙara katan 80 saboda ya sa jaka, sikelin hanya na jiransa, kuma aksul ba zai yi shawara da shi ba ranar da zai karye.

Talata, 17 ga Yuni

Mai dainar ya zo da hoto a waya. "Mu'allim, irin wannan mai rimot nake so, in danna daga waje ta tashi." Aka ce masa, "Alhaji, sau nawa nauyin motarka ke canzawa a yini?" Amsar ita ce sau biyu: a cika ta a Jidda, a sauke a Makka, ta dawo wayam. Ita kuwa Hilux daga safe zuwa La'asar tana tsayawa wuri goma ko fiye, nan a sauke buhu biyar, can a ɗora jarka takwas, kuma sau da yawa kayan da suka rage gefe ɗaya suke taruwa. Wannan tambayar ce ta raba gardama, ba kuɗi ba, ko da yake na hannun ya fi araha nesa ba kusa ba.

Motar da halinta biyu ne kawai ba ta buƙatar wani abu mai ƙwaƙwalwa. Hasali ma bawul ɗin taya zai ishe ta, in da direbobi na tuna rage iska bayan sauke kaya. Ba sa tunawa. Motar da ba kaya kuma jakarta na ɗauke da psi 45 (psi ma'aunin matsin iska ne) tsalle take yi a titi, tayoyin baya ba sa kama kwalta sosai. Don haka muna so abin ya kasance a gaban idon direba, da geji. Daina za ta samu bawul na hannu guda biyu. Hilux za ta samu na lantarki, amma da makunni na zahiri, ba rimot ba.

Dalilin ƙin mai sarrafa kansa ya cancanci a yi bayani. Yawancin masu arahar matsin iska suke aunawa, ba tsayin mota ba. To jaka in tana da psi 10 ba kaya, da zarar an ɗora lodi ta matse, geji zai haura wajen 25 ba tare da an ƙara iska ba. Na'urar da aka ce ta riƙe 10 sai ta ga 25, ta buɗe ta zubar, mota ta ƙara nutsewa a daidai lokacin da ake so ta tashi. Wanda ke aiki daidai shi ne mai auna tsayi, irin ECAS na WABCO da ke kan manyan tireloli, ko bawul ɗin daidaita tsayi mai sanda wanda ba ruwansa da lantarki. Waɗannan an yi su ne don motar da iska ce ke ɗauke da nauyinta duka, kuma tana da kwamfireso a jikin inji da ba ya gajiya. Namu ba haka ba ne.

Abu ɗaya da ba mu bar wa kowa zaɓi ba: kowace jaka da layinta. Masu son sauƙi kan haɗa biyun da mahaɗi mai baki uku, bawul ɗaya, geji ɗaya. In mota ta shiga kwana, jakar da nauyi ya danne sai ta tura iskarta zuwa ɗayar, kamar ruwa a salka, ka danna nan ya gudu can. Gefen da ke buƙatar tallafi ya rasa, ɗayan ya ƙara ɗagawa, mota ta ƙara kwanciya. Ga lodi mai tsayi irin katan da aka jera har sama, wannan ba abin wasa ba ne.

Asabar, 21 ga Yuni

Kaya sun iso, wasu daga waje, wasu daga kantunan Sana'iyya, unguwar gareji da kayan gyara. Kafin a taɓa mota an baje komai a tebur an gwada.

Tiyo iri biyu ke yawo a kasuwar nan, ido ba ya raba su: na inci kwata, wanda yake milimita 6.35, da na milimita 6 cif. Jakunkunan da bawul ɗin hannu na inci ne. Naɗin tiyon da aka kawo daga kanti na 6 ne. Yana shiga mahaɗin lafiya lau, har ya yi kamar ya kama, amma zoben robar ciki bai matse shi ba. A psi 30 shiru, a 80 sai kumfar sabulu ta fara tashi. An mayar, an karɓo na inci kwata mai rubutun SAE J844 a jiki, irin na birkin iska, wanda ke jure zafi har digiri 93. Tiyo mai laushi da ake sa wa injinan masana'anta ba ya zama a ƙarƙashin mota a ƙasar nan.

Haka ma tiredi, wato zaren murɗi na bakin mahaɗi. Na Amurka, NPT, a inci kwata zare 18 ne cikin kowane inci. Na Ingila, BSP, 19 ne. A ƙaramin, na ɗaya bisa takwas, 27 da 28. Za su kama juna zagaye biyu ko uku, sannan su cije, mai ƙarfin hannu ya ƙara sifana ya fasa bakin. Matarar ruwa da ragileta (mai ƙayyade matsin iskar da ke wucewa) da aka samu a nan BSP ne, sauran NPT, don haka an sayo mahaɗan canji guda shida. Wajen ɗauri: a murɗa da hannu har ya tsaya, a ƙara zagaye ɗaya da rabi da sifana. Man liƙe tiredi muke sawa, ba farin tef ba. Ɗan guntun tef da ya tsinke ya bi iska ya isa ya hana bawul rufuwa.

Talata, 24 ga Yuni

An ɗaura jakunkuna a motocin biyu. Tun 15 ga wata dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 ta fara, har 15 ga Satumba, kuma ramin dainar a waje yake, saboda haka aikin ya rabu safe da yamma.

Ba walda a shasi, ba huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Biraket ɗin dainar an yanko su daga ƙarfe mai kaurin milimita 8, an bi ramukan da ke jikin shasin tun asali, kusoshi M12 masu lamba 8.8, an ɗaure da sifanar awo a Nm 80 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Dokar Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ba ta yarda a yi wa shasi ko bodi canji haka kawai ba, ga kuma fahas, binciken lafiyar mota na shekara, don haka komai an yi shi yadda za a iya kwancewa ba tare da barin tabo ba, kuma an ce masu motocin su je su tambayi abin da ya shafi takardunsu. Kusoshin da ke shiga jikin jakar kanta Nm 27 kawai suke so. Fiye da haka tiredin cikin farantin ke tsigewa.

Kowace jaka a tsaye take cak, da sararin aƙalla milimita 13 ta kowane gefe bayan an hura ta. A Hilux bututun salansa ya matso kusa da jaka ɗaya, an sa masa farantin kare zafi da tazarar yatsa tsakani. An hura psi 10 ta bawul ɗin taya aka bar su.

Asabar, 28 ga Yuni

Ko na hannu ko na lantarki, iskar daga wuri ɗaya take fitowa, kuma mafi yawan abin da mutane ke ɗora wa bawul laifinsa daga nan yake farawa. Motocin biyu ba mai birkin iska, saboda haka kowace sai da nata kwamfireson lantarki da tanki mai lita 9.5. Ga mai babbar mota da ke da birkin iska: kada a taɓa yanka layin tankin birki a ɗebi iska. Daga bakin kayan ƙari na bawul ɗin kariya ake ɗauka, domin in jaka ta fashe ya rufe ya bar wa birki nasa.

Jerin daga kwamfireso: tiyon ƙarfe mai bawul ɗin hanya ɗaya a bakinsa, tanki, matarar ruwa, ragileta, sannan bawul ɗin direba. Makunnin matsi na tayar da kwamfireso a psi 110, ya kashe a 145. Jakunkuna irin na Firestone da Air Lift iyakarsu 100, ƙarancinsu 5. Wato tanki na da ƙarfin da zai wuce iyakar jaka in direba ya manta yatsa a kan bawul, shi ya sa aka ɗaure ragileta a 90. A tankin akwai bawul ɗin tsira na 175, da na zubar da ruwa a can ƙasansa, an ɗaura masa igiyar ƙarfe da ta fito gefen mota don kada a ce sai an shiga ƙarƙashi.

A daina kwamfireson 24V aka sa. Abin da aka saba gani shi ne a sayo na 12V don ya fi yawa a kasuwa, a ja waya daga batir ɗaya cikin biyun. Wata biyu uku, wannan batir ya raunana, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa yana tafasa, a sayi biyu sababbi, a zagi mai batir. Na 24V yana kuma jan wajen rabin amfiyar da na 12V ke ja.

A Hilux kwamfireson na jan kusan amfiya 20, tsakaninsa da batir mita 5. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta cinye 0.7V a hanya ta yi ɗumi; ta murabba'in milimita 6 ba ta kai 0.3V ba, ita aka ja. Fis na 30 a tazarar taƙi ɗaya daga kan batir, rile (makunnin da siririyar waya ke kunnawa) na 40. Wayar da ke tayar da rilen daga layin da ke mutuwa in an zare makulli take, in ba haka ba ɗan yoyo da dare zai sa kwamfireso ya yi ta tashi har gari ya waye batir ya mutu. Wajen at, inda ake ɗaure waya a jikin ƙarfen mota, an kankare fenti sai da ƙarfe ya yi fari.

Lissafin tsawon lokacin aiki da masu ƙera kwamfireso ke rubutawa a zafin wajen digiri 22 suke auna shi. Ƙarƙashin mota a kwaltar Makka da azahar wata duniya ce daban. An nisanta shi da salansa, an ja matatar shaƙar iskarsa da tiyo zuwa wuri mai tsayi bayan kan mota, inda ƙura da ruwan wanki ba sa kaiwa.

Talata, 1 ga Yuli

Daina, bawul na hannu. Tiyo uku ke shiga wajen direba: ɗaya mai kawo iska daga ragileta, biyu masu komawa jakar hagu da ta dama. Geji ɗaya mai allura biyu, kowace allura an ɗebo ta daga layin jakarta.

Wahalar a nan ita ce kan daina ɗaga shi ake yi in za a duba inji. Duk abin da zai shiga ciki dole ya bi ta wajen hinjin gaba, inda wayoyin motar na asali suka bi, da rarar lanƙwasa. Wanda ya huda ƙasan kujera ya saki tiyo kai tsaye, ranar farko da aka ɗaga kan zai tsinke su. Wannan ya sa kowane layi ya kai wajen mita 8. An rufe su da bututun kare waya inda suka ratsa ƙarfe, an ɗaure duk santimita 30, an ɗaga kan an sauke ana kallo, ba inda ya ja ko ya karye. Yankan tiyo da reza, a miƙe. Filaya tana matse bakin ya zama ƙwai, kuma ba zai daina yoyo ba.

Raunin wannan tsari a bayyane yake: jaka kullum a haɗe take da dogon layin da gejin, mahaɗai sun yi yawa, ko ɗaya ya saki wannan gefen zai zauna. Ƙarfinsa kuma shi ne duk abin da ya lalace kunne na jin sa, kuma kowane mai facin taya a hanya zai iya gyarawa da guntun tiyo. Daga psi 10 zuwa 45 yana ɗaukar daƙiƙa kaɗan, a hankali allura ke tafiya, direba na iya tsayawa inda yake so. In an rage iska a cikin motar take huci. An ja bakin fitar da tiyo zuwa waje.

Asabar, 5 ga Yuli

Hilux. Bawul ɗin lantarki huɗu: na cikawa da na zubarwa a kowane gefe, dukansu irin waɗanda ke rufe in ba wuta. An jera su a faranti ɗaya a jikin shasi, kwayil na kallon sama, mita ɗaya da rabi daga kowace jaka. Abin da ya shiga wajen direba waya ce siririya: makunni biyu masu komawa tsakiya da kansu, da gejin lamba mai karɓar saƙo daga ƙananan na'urorin auna matsi biyu.

Girman bawul ya ɗauki lokaci. Na inci uku bisa takwas da rabin inci da suka cika kasuwa na motocin nuni ne, masu son mota ta zabura. A ƙaramar jaka, taɓawa ɗaya sai geji ya yi tsallen psi 20, direba ya yi ta kai da komo bai samu 35 ba. An sa ƙanana, an ƙara ɗan maƙurar iska a layin cikawa har tafiyar lambar ta zama abin da ido ke bi.

Akwai halin waɗannan bawul da ba kowa ya sani ba: ta fuska ɗaya suke riƙe iska, wadda kibiyar jikinsu ta nuna. In matsin jaka ya fi na tanki, misali an yi amfani da tankin an hura taya ko ya yi yoyo da dare, iskar jakar sai ta ɗaga murfin ta koma baya, mota ta kwana a zaune alhali jakar lafiyarta ƙalau. Ta wannan hanyar ma iskar hagu kan tsallaka dama. Maganin shi ne bawul ɗin hanya ɗaya a gaban kowane na cikawa. An sa biyu.

Soket duka masu zoben roba ne, an shafa man hana tsatsa. Iskar Jidda da gishirinta ba ta barin tagulla a buɗe. Wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin tef kafin shekara ta zama kore. An sa wa kowane kwayil dayod, don tartsatsin da yake mayarwa lokacin sakin makunni kada ya cinye bakin makunnin ko ya rikita gejin.

A motocin biyu an bar bawul irin na taya, ɗaya ga kowace jaka, a gefen lambar baya. A Hilux an ƙara ɗan famfon rufewa tsakanin kowace jaka da bawul ɗin lantarkinta. Mai motar ya ce ɓarnar kuɗi ne tunda ga makunni. An sa duk da haka.

Lahadi, 6 ga Yuli

Gwajin yoyo. Jiya da yamma an bar kowace jaka a psi 60, an bi mahaɗai da ruwan sabulu. Ƙa'idarmu: faɗuwar 2 zuwa 4 cikin awa 24 ba komai, fiye da 5 a nemo. Hilux 58 da 58. Daina dama 57, hagu 44. A bayan geji aka same shi, tiyon bai kai ƙarshen mahaɗi ba. In ana turawa akan ji tsayawa ta farko a haƙoran kamu, sai an ƙara ƙarfi ya wuce zoben roba. An sake yanka, an tura, an ja baya don a tabbatar.

Asabar, 12 ga Yuli

Kafin gwajin hanya, maganar birki, wadda ta fi duk abin da ke sama muhimmanci. Dainar tana da bawul a shasi mai sanda da ta sauko zuwa aksul ɗin baya. Aikinsa ya gane nauyin kaya daga yadda mota ta nutse: in ta zauna sosai ya sakar wa birkin baya cikakken ƙarfi, in tana sama ya rage don kada tayoyin su kulle. To in jaka ta mayar da mota mai tan 3 tsayinta na wayam, bawul ɗin zai ɗauka ba kaya, ya rage wa baya birki, nauyin tsayawa duka ya koma gaba. A gangaren Ɗa'if wannan na nufin birkin gaba ya yi zafi ya saki. Hilux ɗin mai ABS ce, na'urar hana taya kullewa in an taka birki, ba ta da wannan sandar, amma tsofaffin Hilux da Land Cruiser na ɗaukar kaya suna da ita, a leƙa kafin a sa jaka.

Saboda haka ba mu nemi mayar da milimita 75 ɗin da ta nutse duka ba. Jakunkunan biyu na ɗaga kusan kilo 225 a kowane psi 10. A psi 45, wajen tan ɗaya ke nan, tazarar ta tashi daga 20 zuwa 50. Bugu ya daina, sifirin na ɗauke da mafi yawan kayan, sandar na ganin mota da lodi. An liƙa takarda a gefen geji: ba kaya 10, cike 45, kada a wuce 50. Ba a taɓa saitin sandar ba. Wannan sai da gejin man birki da littafin motar a hannu. Ragiletar dainar an sauke ta daga 90 zuwa 55, yadda ko an so wucewa ba za a iya ba. Wannan ya fi takardar amfani.

Aka fita da lodi, Jidda zuwa Makka, daga nan Ɗa'if ta hanyar Sail da manyan motoci ke bi. Da safe allura 45. Da rana a Makka 49. A Ɗa'if, inda aka samu sauƙin zafi, 48. Direban ya so ya rage. "Mu'allim, iska na ƙaruwa da kanta, ko bawul ɗin na yoyo ciki?" Ba yoyo ba ne. Iskar da ke kulle in ta tashi daga digiri 30 zuwa 50, psi 45 kan zama kusan 49. A Ɗa'if kuma, mai tsayin sama da mita 1,800, iskar waje ta ragu da kusan psi 3, geji kuwa bambanci tsakanin ciki da waje yake nunawa. A saita da safe bayan lodi, a ƙyale. A nan na hannu ya nuna wani amfani: ba ya yin komai sai an taɓa shi. Mai sarrafa kansa da ya yi ta zubarwa a hawa yana cikawa a sauka.

Asabar, 26 ga Yuli

Hilux ta dawo da gefen dama a zaune. Bawul ɗin zubarwa na dama ne bai rufe ba. Da aka buɗe shi: farin gari irin na alminiyon da ya ci ruwa, da ɗan ƙwayar tsatsa a daidai mazaunin robar. Aka ja igiyar tanki, ruwa ja-ja ya fito ya kusa cika kofin shayi, kwalbar matarar ma ta cika har ta wuce alamarta. Ba a ja igiyar ba tun ranar da motar ta fita. A damshin Jidda na waɗannan watanni, duk iskar da kwamfireso ya matse sai ta sauke ruwa in ta huce a tanki.

Motar ba ta rasa yininta ba. Direban ya rufe famfon wannan gefen, ya hura psi 35 ta bawul ɗin taya a gidan mai, ya ƙarasa rabonsa.

Aka duba tankin dainar, ruwan da ke ciki bai gaza wancan ba, amma bawul ɗinta na aiki. Na hannu yatsa ke tura shi, ƙarfin yatsa ya fi ɗan datti. Na lantarki ɗan sifirin mai laushi ne ke rufe shi, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Wannan shi ne bambancin da ya fi kowane fitowa fili zuwa yanzu. Ba yana nufin a cire na Hilux ba: direbanta na gyara iska sau da yawa a yini, gefe da gefe, yana zaune, kuma ya ce tangal-tangal ɗin da take yi in jarkoki sun taru gefe ɗaya ya tafi. Yana nufin mai na lantarki ya ɗauki zubar da ruwa kamar duba mai.

An wanke bawul huɗun, an canza robar ɗaya, an sa matata mai tace har maikron 5 a gabansu. Jan igiya ya shiga aikin kowace safiya a motocin biyu.

Asabar, 2 ga Agusta

Mako guda ba ƙorafi. Daina na riƙe iska kwana uku ba tare da allura ta motsa fiye da 2 ba. An sake bin kusoshin biraket da sifanar awo, biyu a Hilux sun ɗan saki, an mayar. An ga alamar gogayya a tiyo ɗaya na daina kusa da hinji, an ƙara masa riga an matsar da maɗaurin.

An gargaɗi direbobin game da wurin wanki da wurin canjin mai: in za a ɗaga mota ta shasi aksul ya rataya, a zubar da iskar tukuna, kuma kada a bar nauyin aksul ya rataya a jikin jaka.

Abin da ya rage. Dainar za ta hau injin gwajin birki da lodi, sau ɗaya a psi 10, sau ɗaya a 45, a rubuta ƙarfin baya a kowanne. In bambancin ya yi yawa za a sauke lambar takardar da ragiletar tare. Hilux za a ƙara mata makunnin ƙarancin matsi da zai cika jaka da kansa in ta faɗi ƙasa da psi 5, domin jakar da ta yi tafiya ba iska naɗewa take yi ta ci kanta. A daina wannan aikin idon direba ne. Ana kuma neman bawul ɗin zubar da ruwa mai aiki da kansa na 12V, wanda tiredinsa ya dace da tankin. Za a sake buɗe bawul ɗin lantarkin huɗu a ƙarshen Satumba a ga abin da matatar ta tare.